Tayoyin da Na Zaɓa wa Baba Abu Nasir

Tun da na dawo daga Jojiya ba ni da sakat a Mansura, unguwar da 'yan gida suke zaune a Doha. Duk Juma'ar da na leƙa ɗakin abokaina, kafin in cire takalmi an fara: yaya ƙanƙara, da gaske ne numfashi yana hayaƙi, me suke ci, me ya faru a kan dutsen. Na ba da labarin a tsaye, na ba da shi a zaune, kowa kuma ya tsinci guntun da ya yi masa daɗi ya ƙara masa gishiri. Jiya na ji wani mai gadi ɗan Gusau yana ba da shi a bakin shagon shayi, wai rami muka faɗa aka ciro mu da jirgi mai saukar ungulu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nuhu, mutumin Malumfashi, direba ne ni a wani gida a Aziziya, nan Doha. Maigidan dattijo ne, ana kiransa Abu Nasir, mu ma'aikata kuma Baba muke ce masa, matarsa Mama, kamar yadda ake yi a gidajen nan. Shi ne kafil ɗina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar. Mutum ne mai kyauta, bai taɓa danne wa kowa haƙƙi ba, amma yana da abu guda: ba a ce masa a'a. Direban da na gada gardama ya yi masa a gaban baƙi a kan wace hanya ta fi kusa, ba a jima ba ya ga tikitinsa na komawa gida. Kalma ɗaya na riƙe tun ranar farko, "hadir", ma'ana an gama ranka ya daɗe, kuma da ita nake ciyar da iyalina. Ga shi a lokacin iƙamata, wato takardar zama, ta kusa ƙarewa, sabunta ta kuma sai ya ga dama.

Baba yana da gida a Jojiya, a gefen Tibilisi, inda yake gudun zafin Doha, da wata tsohuwar jif da ya aika can tun da daɗewa. Lokacin zafi kawai yake zuwa. Bana sai Mama ta ce tana so ta ga dusar ƙanƙara da idonta tun ƙafafunta ba su gama ƙin ta ba. Wata safiya ina goge mota a ƙofar gida ya fito da carbi a hannu.

"Nuh," in ji shi, don haka yake kirana, "za ka riga mu tafiya. Motar can tayoyin zafi ne a ƙafarta. Ka saya mata na sanyi, waɗanda suka fi kowanne, kada ka dubi tsada. Kai ka san taya."

Na ce, "Hadir, Baba."

Ba ƙarya ya yi ba, na san taya, amma tayar Doha. Na san in danna roba da babban yatsa in ji ko za ta jure kwaltar nan mai cin tafin takalmi. Na san yawan iskar da ake ragewa idan za a hau tudun rairayi, don duk sanyi Baba yana kafa tanti a sahara, ni ke durƙusawa in sace wa tayoyi iska shi kuma ya karɓi sitiyari. A rairayi babu mai kama ƙafarsa, ko a cikin samari. Tayar sanyi kuwa ban taɓa sa mata hannu ba, kuma ban ga fuskar faɗa masa haka ba.

Na kai maganar Mansura. Abokina Bitrus, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ɗan Pankshin, ya gyara zama ya ce ai sanyi nasu ne na gado, in saurara in ƙaru. Na tambaye shi wace irin taya suke sawa a Pankshin, ya ce irin ta kowa, ta gwanjo. Aka yi masa dariya. Ya dai ara mini wata rigar sanyi da ya rantse ta taɓa sa shi gumi a watan Disamba. Na je wajen mai tayarmu a titin Salwa, ya ce tun da yake sana'ar ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba, idan na je in ɗauko masa hoto. Da wannan ilimin na hau jirgi.

A filin jirgin Tibilisi layi yana tafiya sumul har aka zo kaina. Matar da ke cikin akwatin gilashi ta juya koren fasfona, ta juya katin iƙama, ta tambaye ni me ya kawo ni. Na ce na zo sayen taya. Ta ɗago ta dube ni. Ban ga laifinta ba, ni ma da wani zai ce mini ya ƙetaro ƙasashe don taya, oga zan kira masa. Aka kai ni wani ɗaki aka zaunar, wani jami'i ya yi ta tambaya cikin ladabi: motar wa ce, ina maigidan, yaushe zan koma. Na ga ya ɗora yatsa a kan ranar ƙarewar iƙamar ya daɗe bai ɗauke ba. Sai da suka kira mutumin da ke kula da gidan Baba ya yi musu bayani da yarensu, sannan aka buga mini hatimi.

Mutumin sunansa Dato, ƙato ne mai gemu. Yana da guntun Turanci kamar nawa, sauran mu cike da hannu. Ƙofar filin jirgi tana buɗewa na gane Bitrus bai san sanyi ba. Wannan ba ya tsayawa a fata, haƙora yake nema, rigar aron kuwa ko sannu ba ta ce masa ba.

Gidan Baba ba a kunna masa ɗumi ba tukuna, sai Dato ya sauke ni a gidan mahaifiyarsa, wata gajeriyar tsohuwa mai baƙaƙen kaya. Ta taɓa hannuna ta ji sanyi, ta juya ta yi ta zazzaga wa ƙaton ɗanta faɗa kamar shi ya kawo sanyin garin. Na gaya wa Dato ba na cin alade, ba na shan giya. Na farkon ya gane, na biyun ya yi mini ta'aziyya. Aka kawo burodi mai narkakken cuku a ciki, da wani ƙullin fulawa mai naman sa da romo, wanda ake kamawa ta wutsiya a gatsa a tsotse. Ban sani ba na sa masa cokali, romon ya tsiyaye, tsohuwa ta dafe ƙirji. Mu a gida baƙo ajiye masa kwano ake yi a ja masa ƙofa don kada ya ji kunya. Su zama suke yi su sa maka ido, kana sauke hannu a ƙara maka. Kuma ba a kai kofi baki sai wani ya miƙe ya yi jawabi, ya ambaci iyaye, da matattu, da baƙo. Shayina ya huce sau biyu ina jiran Dato ya gama yabon Najeriya, ƙasar da bai san inda take ba.

Washegari na duba jif. Na ga tankin wanke gilashi ba komai, na cika shi da ruwan famfo yadda nake yi kullum a Aziziya. Kafin mu fita ya zama dutse. Dato ya yi dariya har da riƙe bango, ni kuwa ban yi ba, don na fara tunanin abubuwa nawa na sani a Doha da za su ci amanata a nan.

A shagon taya mai shagon ya mirgino mini guda biyu, ya ce a ƙasar babu na ukunsu. Dukansu na manyan kamfanoni ne, dukansu masu tsada. Ta farko baƙa ce sumul, da tsaga sirara-sirara a jikin zanenta. Ta biyu kuma an jera mata ƙananan ƙusoshi na ƙarfe, kawunansu sun ɗan leƙo. Na danna su da yatsa, dukansu laushi, irin wanda da a Doha ne ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba.

"Wacce ta fi?" na tambaya.

"Ina za ku?" in ji shi.

Na ce kan dutse, inda ake wasan zamiya. Ya karkaɗa tafin hannu. Dato yana fassarawa, ya ce idan an share hanya an zuba gishiri, ta farko ta fi, ba ta da ƙara, kuma a kan kwalta ta fi kama birki. Idan kuwa rana ta narkar da dusa sanyi ya dawo ya daskarar da ita ta zama gilashi, to sai mai ƙusa. Na ce to wanne za mu tarar. Ya nuna sama da yatsa.

Na yi masa tambayar da duk direban Doha zai yi: idan aka shiga dusa, iska nawa ake ragewa. Mutumin ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce ba a ragewa ko kaɗan a kan hanya. Ya matse tayar da gwiwa ya nuna mini yadda tsakiyarta ke lotsawa ciki idan ba iska, ƙusoshin su kwanta, tsagar ta rufe, a kwana kuma motar ta yi ta lilo. Ya sa Dato ya maimaita mini, sannan ya sake sa shi.

Na san maigidana. Baba ba ya son ƙara a mota. Ƙira'a yake saurare ƙasa-ƙasa, kuma ya taɓa sa ni na kwance ƙofa gaba ɗaya saboda wani kwabo da ke kaɗawa a ciki. Ga kunnensa a gefe guda, ga ƙanƙarar da ban taɓa takawa ba a ɗaya gefen. Na kira shi na fara bayani, ban kai rabi ba ya katse ni.

"Khalas, ya isa haka, Nuh. To me na tura ka yi?"

Ya kashe waya. A bayan shagon akwai wata gangara da rana ba ta kai mata, ta daskare. Motar mai shagon tana da irin ta farko, ta Dato mai ƙusa ce, suka ce in gwada. A ta farko na taka birki daidai wata bishiya, mota ta ci gaba da tafiyarta kamar ba da ita nake ba, sai da ta ga dama ta tsaya. A ta Dato na taka a wuri ɗaya, na ji ƙarƙashina yana ƙartar ƙasa, ta tsaya da sauran fili, kamar tsawon mota guda. Na daɗe a zaune da hannu a kan sitiyari ina kallon wannan filin. Na ce a sa masu ƙusa.

Muna hawa kwalta na ji abin da na saya. Kamar ana suyar gyaɗa da yashi a ƙarƙashin kujera. Na ƙara gudu ta ƙaru, na rage ba ta daina ba.

Ranar da suka sauka, Baba ya zauna gaba, Mama a baya. Ba mu gama fita daga filin jirgi ba ya kashe ƙira'ar da kansa.

"Mene ne wannan?"

"Tayoyin ne, Baba. Masu ƙusa ne, saboda ƙanƙara."

"Na ce ka sayo mafi kyau, ka sayo mini tarakta? Wa ka tambaya?"

Mama ta ce a hankali abin yana shigar mata kai, wannan kuma ya ƙarasa ni. Baba ya ce gobe in mayar a sa marasa ƙara. Na ce hadir. Ya juya yana kallon taga, can ya ce sauran maganar sai mun koma Doha. Duk wanda ya yi aiki a gidajen nan ya san ma'anar wannan.

Washegari shagon a rufe. Ashe Kirsimetinsu a Janairu suke yi, gari duk ya tafi coci da cin abinci, Dato ma ya ce ba zai iya raka mu ba. Baba ya ce ba zai zauna jiran mai taya ba, masauki yana jira a kan dutse. Haka muka kama hanya da gyaɗarmu tana soyuwa.

Hanyar ta bi gefen kogi, ta ratsa ƙauyuka inda mata ke sayar da zuma da hulunan gashin tumaki, ta wuce dogon layin manyan motoci da aka tsayar a gefe. Sai ta fara hawa. Baƙin kwalta ya koma toka-toka, can ya ɓace, komai ya zama fari. Mama ta fara tasbihi tana manna fuska a gilashi. Shi kuwa Baba na ga ya miƙe zaune, idonsa ya buɗe yadda yake yi idan mun bar kwalta mun fuskanci tuddai.

"Tsaya," in ji shi. "Wannan ai rairayi ne, fari ne kawai. Sauka ka rage iska."

"Baba, mai shagon ya ce a nan ba a..."

"Mai shago ya taɓa hawa tudu? Yalla, yi sauri."

Na gangara gefe na fita. Iska tana kwaso dusa tana watsa mini a fuska. Baba bai fito ba saboda sanyi, ya dai sauke gilashi kamar faɗin yatsa don ya ji, da yake shi da kunne yake auna iska, ba ya bukatar geji. Na durƙusa a gindin tayar baya da makulli a hannu. Idan na ƙi, na san inda zan kwana a ƙarshen wata. Idan na rage, ni zan hau dutsen nan da tsofaffi biyu a kan tayar da aka nuna mini da gwiwa yadda take lotsewa.

Sai idona ya faɗa kan tayar safaya da ke rataye a ƙofar baya. Na miƙe na kwance mata hula na danna bawul. Iska ta fita da ƙara, tsiiii, na bar ta daidai yadda nake barin ta a sahara, na saki. Na zagaya ina buga ƙafa a ƙasa, na dawo na sake dannawa. Haka na yi har na cika adadin ƙafafun mota. Gilasan gefe duk sun yi raɓa, jif ɗin kuma tsohuwa ce, ba ta da fitilar nan mai tona asirin iskar taya. A dannawar ƙarshe na ɗaga kai, sai ga idanun Mama ta gilashin baya, ta goge wuri da gefen mayafinta tana kallona. Muka haɗa ido. Ta juya ta gyara zama.

Na shiga ina jiran ta yi magana. Ba ta yi ba. Muka tashi, kuma da yake yanzu dusa muke takawa ba kwalta ba, ƙarar ta ɗauke ɗif.

"Ka ji yadda ta kwanta?" in ji Baba. "Har surutun ya mutu."

Na ce, "Na ji, Baba."

Mun yi nisa da hawa, sai hanya ta ɗan gangara ta shiga inuwar dutse. A nan farin ya canza, ya koma yana ƙyalli. Na sha kwana, sai ga wata ƙaramar bas ta gitta a tsakiyar hanya, fasinjojinta sun fito suna ɗaga hannu. Hagu dutse ne. Dama wani gajeren shinge ne, bayansa kuma ba komai sai sarari. Tsakanin hancin bas da shingen akwai 'yar kafa.

"Ba ta wuta ka zagaye," Baba ya daka mini tsawa. "Kada ka tsaya, za ta nutse."

A rairayi gaskiyarsa ne, wanda ya sassauta ƙafa ya binne kansa. Ƙafata ma ta san wannan karatun, har ta fara tafiya wajen totur. Na janye ta da ƙyar na ɗora a birki. Birkin ya yi ta harbin tafin ƙafata, gindin mota ya fara zamewa yana neman shingen, sai na ji ƙartar nan ta bayan shagon taya, ƙarfe yana cin ƙanƙara. Mama tana salati da ƙarfi. Bas ɗin tana ta girma a gilashi, har na ga wata jaka da aka bari a kan kujera. Muka tsaya. Da na buɗe ƙofa na miƙa hannu, da na taɓa ta.

Ba mu gama numfashi ba wata mota da ke bayanmu ta zo a karkace, ƙafafunta a tsaye cak amma tana tafiya, ta wuce mu ta gefen dutse ta soka hanci a tarin dusa. Ba wanda ya ji ciwo. Direbanta ya fito ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Baba ya daki kafaɗata har na ji zafi. Ya ce, "Ka gani? Ka gani, Nuh? Da ba mu rage iska ba, da yanzu muna ƙasan can." Ya juya ya faɗa wa Mama haka, ta ce alhamdu lillahi. Ya ce ko da mummunar taya ce, idan mutum ya san iska ya gama. Da muka isa masauki ya cire jibgegiyar rigarsa mai gashi a ciki ya yafa mini, ya ce maganar Doha ta wuce, in manta da ita.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na tsira da aikina, na tsira da raina, tsoho ya samu labari, ba wanda ya yi asara. Na lallaɓa gidan mai na cika safaya, na ƙudurta maganar za ta bi ni kabari. Mama kuwa, wadda saboda ita aka yi duk wannan, ta fita ta damƙi dusar a hannu, ta ce ashe jiƙa take yi, ta koma ɗaki ta zauna gindin na'urar ɗumi har muka sauko. Ranar saukowa an share hanya tas, baƙar kwalta tun daga sama har ƙasa, tayoyin suka yi ta suyarsu Baba bai ce uffan ba.

Muka dawo Doha. Iƙama tana hannun mai bin takardun gidan, an ce Baba zai sa hannu. Wata safiya na ɗauki Mama zuwa asibiti, mun tsaya a danja, sai ta yi magana daga baya, ba tare da ta kira sunana ba.

"Nasir zai tafi can da matarsa da yara idan an yi hutu. Motar nan zai hau, shi zai tuƙa." Danja ta ba da hannu, na ja mota. "Shi ma ya iya rairayi kamar ubansa."

Na gane abin da take nufi. Nasir shi ne babban ɗansu, yaransa ni nake kai su makaranta idan direbansu ba ya nan. Na yi ta neman yadda zan same shi shi kaɗai, amma ba a gidan yake zaune ba, kuma direba ba ya ɗaga waya ya kira ɗan maigida haka kawai. Na ce ranar Juma'a idan ya zo zan tare shi a bakin get.

Juma'ar ta riga ni. Bayan an sauko daga masallaci majalisar Baba ta cika da 'yan'uwa da maƙwabta, aka kira ni in taya shigo da farantan shinkafa. Na shiga na tarar labarin ya kai kwana, Baba yana nuna bas da hannu ɗaya, shinge da ɗaya. Ya ce mutanen can an haife su a ƙanƙara amma ba su san sirrin iska ba. Wasu samari biyu suka ce su ma bana za su je. Nasir ya matso.

"Yuba, nawa ka rage?" Haka suke kiran uba.

"Kamar na sahara. Ga wanda ya rage nan. Nuh, gaya masa."

Ina riƙe da faranti. Duk suka juyo. Da a ce Nasir kaɗai ne, da na ce hadir in same shi daga baya. Amma ga samarin nan sun kasa kunne, ga wasu da ban ma san gidajensu ba, kowa zai fita da maganar ya kai wani wuri. Na ajiye farantin a kan ledar cin abinci don kada ya suɓuce.

"Ban rage ba, Baba," na ce. "Safaya na sace wa iska don ka ji ƙara. Tayoyin a cike suke, ƙusoshin ne suka tsayar da mu. Don Allah kada wanda ya rage a can."

Mai zuba gahawa ya tsaya da buta a sama. Wani tsoho ya yi tari. Baba bai ɗaga murya ba, ya dube ni ya daɗe, na ga jijiyar wuyansa tana motsi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba fushi na fara gani a fuskarsa ba, kunya ce, dattijo a cikin majalisarsa.

"Fita," in ji shi.

Kafin la'asar wani direban gidan ya zo ya karɓi makullai, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi. Na zauna a ɗakina na bakin get, ba aike, ba kira. Na haɗa jakata. Na kira matata na yi ta zagaye-zagaye na kasa faɗa mata, har ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Bitrus ya ce da na yi shiru, wani ya ce da na faɗa tun a kan dutse, kowa ya zama gwani bayan an gama.

Ana nan sai Nasir ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da kansa. Bai shigo ba, ya miƙo mini katin iƙama sabo.

"Yuba ya ce kai za ka tuƙa mu," in ji shi. "Ya ce yaran ba za su shiga motar nan ba sai kana gaba."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce, "Shi Baban fa? In je in ba shi haƙuri?"

"Ya ce kada ka yi masa magana tukuna."

Jibi za mu tashi. Da safen nan Baba ya fito da carbinsa, na gaishe shi a bakin get, bai amsa ba. Ya wuce ya shiga motar da wani ke tuƙawa, na rufe masa ƙofa.